Jan Layi a Shafin Auta

Litinin, da yamma

Likita ya ce in riƙa rubutu. Na ce masa rayuwata duka rubutu nake yi, ya ce ba irin wancan ba. To, ga shi.

Yau Maman Auta ta tsaya a ƙofar falo ta sanar da ni cewa idan hutun ƙarshen shekara ya wuce, yayanta zai zo ya ɗauke ta. Ba ta ce na tsawon wane lokaci ba. Na ce, "To." Ta tsaya kamar mai jiran ragowar magana, sannan ta ce, "Malam, kai wai dutse ne?" Na ce ban fahimci tambayar ba. Na fahimce ta sarai.

Tun da muka rasa Auta ta koma kwana a ɗakin yarinyar. Auta ita ce 'yarmu ta ƙarshe, ita kaɗai ta rage mana a gida bayan ɗanmu Babba ya tafi aiki wata ƙasa. Ba na son matata ta tafi. Na rubuta wannan a nan domin ya zama an faɗe shi a wani wuri.

Talata, da hantsi

Na kunna talabijin don labarai, yatsana ya kuskure, na faɗa cikin manhajar finafinai. Hotuna biyu ne a fuskar allon: nawa, wanda ban taɓa buɗewa ba, da na Auta, ta karkata kai tana murguɗa baki. Na danna nata.

Duk suna nan a jere. Finafinan soyayya da barkwanci na ƙasashen sanyi, waɗanda wata budurwa ke komawa baya cikin zamani ana tsakiyar bikin ƙarshen shekara. Kowane hutu sai Auta ta tilasta mini kallonsu. Al'adarmu ita ce rimot yana hannunta. Ta tsayar da fim a tsakiya ta juyo.

"Baba, faɗa mana. Me zai faru?"

"Za ta ƙone abinci, su yi dariya, fuskokinsu su matso kusa, sai waya ta yi ƙara."

Ta saki fim, hakan kuwa ta faru. Ta jefe ni da matashi. "Kai dai ba a kallo da kai, Baba. Sai ka ce kai ka rubuta."

"Wanda ya rubuta ɗaya ya rubuta duka."

Uwarta kan gitta da kwandon wanki ta ce, "Uba da 'ya, an rasa mai aikin yi. Wannan shirmen ne ya hana ku ɗauke kofuna?"

Na kalli rabin ɗaya, na rage murya ƙasa sosai. Na kashe.

Laraba, da rana

Abin da na koyar a jami'a har na yi ritaya shi ne cewa lokaci hanya ɗaya yake bi. Shayin da ya huce ba ya komawa da zafi da kansa. Duk da haka na zauna yau na lura da tsarin waɗannan finafinai kamar yadda zan lura da aikin ɗalibi.

Kullum budurwar tana aiki a babban birni, da dogon takalmi da waya manne a kunne, ba ta da lokacin kowa. Dole ta sa ta koma ƙaramin garinsu. Can za ta taɓa wani tsohon abu, agogon bango ko akwatin kiɗa ko kayan ado na gilashi, ta faɗi, ta farka shekaru a baya. Ba wanda ke tambayar yadda na'urar ke aiki. Na taɓa yi wa Auta bayani cewa duniya ba a tsaye take ba, tana gudu cikin sarari, saboda haka duk wanda ya koma baya yana tsaye wuri ɗaya zai tsinci kansa inda babu ƙasa, babu iska. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "To ai Baba ita ba ta ɗauki darasinka ba, shi ya sa ta isa lafiya."

Akwai kuma saurayin da ta bari tun da. Ko kafinta ne, ko mai gasa burodi, ko likitan dabbobi. Ban taɓa ganin an sa malamin kimiyya ba.

Maman Auta ta ci abinci kaɗan. Na ji ƙarar cokali ta bayan ƙofa.

Juma'a, da safe

Wani abu ya faru da nake so in rubuta shi daidai.

A ƙarƙashin hoton kowane fim akwai siririn jan layi da ke nuna inda mai kallo ya tsaya. Jiya na tsayar da fim ɗin da nake kallo a daidai inda budurwar ke riƙe da jan kofi a bakin taga. Na tabbata, domin na daɗe ina kallon kofin. Yau da na dawo daga tattakin safe na buɗe, layin ya matsa gaba. Budurwar tana cikin mota, an wuce kofi da nisa.

Kuskuren na'ura ne. Na'urori suna kuskure.

Asabar

Ya sake matsawa.

Lahadi, da yamma

Na kira Babba. Bayan gaisuwa na tambaye shi ko yana shiga shafin ƙanwarsa daga can.

"A'a, Baba. Ni ko lambar sirrin ban sani ba. Lafiya?"

"Lafiya. Bincike ne."

"Baba, kana cin abinci kuwa? Mama ta ce sai dai ka zauna a falo kana kallon wasan dariya."

Ashe tana ji. Ashe abin da take ji ta bango shi ne kiɗan ƙararrawa da dariyar mutane, tana zaton ni ne na sami abin ɗebe kewa. Ban gyara masa ba. Na ce ya gaishe da iyali.

Na bi hanyoyin da hankali ya yarda da su ɗaya bayan ɗaya. Babba ba ya shiga. Ƙaramar kwamfutar Auta tana cikin jakar da aka miƙo mana a asibiti, ba wanda ya zuge jakar. Maman Auta kuwa saƙon waya ma sai an buɗe mata, kuma ta tsani finafinan. Ya rage ni, da na'ura, da abin da ba zan rubuta ba.

Talata, da hantsi

Na yi gwaji. Na tsayar a wuri mai sauƙin ganewa, na cire wayar talabijin daga bango, na fita. Da na dawo na mayar. Ya matsa.

Na zauna a kujera ina kallon layin. Ba tsoro ba ne. Na taɓa jin irin wannan sau ɗaya, ina ɗalibi, ranar da na fara leƙa madubin hangen taurari na ga zoben wata duniya yana rataye a cikin baƙi, tsaf kamar an zana shi, babu igiya, babu ginshiƙi. Na san lissafinsa tun kafin in gan shi, amma sanin bai hana ni mamaki ba. Yau ban san lissafin ba.

Na ɗauko matashin Auta na ajiye a ɓangaren kujerar da take zama. Ba zan kare wannan aiki a gaban kowa ba.

Laraba, da rana

A kowane fim akwai dattijo guda da ya san komai. Mai shara ne, ko mai sayar da tikiti a tashar jirgi, ko mai gyaran agogo. Yana kashe wa budurwar ido, ya faɗi magana mai harshen damo, idan ta waiwaya ya ɓace. Auta tana kiransa Kawu. "Ga Kawu nan ya iso, Baba, yanzu za a fara." Ni kuma nakan ce mutumin banza ne, tun da ya san gaskiya me ya hana shi faɗa wa yarinya a sarari ta huta?

Akwai kuma ƙa'idar ƙarfe goma sha biyu: kafin agogo ya buga dole ta zaɓa, ta zauna a da ko ta dawo yanzu. Kullum tana dawowa. Kullum kuma sai ta sa hannu a aljihu ta tarar da wani ɗan abu daga can, maɓalli ko busasshen fure, don kada ta ce mafarki ta yi. Masu rubutun nan sun san mutum ba ya iya riƙe abin al'ajabi sai da shaida a tafin hannu.

Bai matsa da yawa ba yau.

Alhamis

Takalman Auta suna nan a bakin ƙofa. Na share kewaye da su.

Juma'a, da yamma

Akwai wani wuri da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da nake hasashe ina cin nasara, domin a nan ne nakan tashi in sha ruwa.

Budurwar ta tura ƙofar gidansu na da. Ta shiga kicin. Uwarta, ko ubanta, wanda muka san tun farkon fim cewa ya riga mu gidan gaskiya, yana tsaye ya juya baya yana wanke kwano. Ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Kin makara, miƙo min tsumma." Ita ke nan.

Na kalli wannan wuri a finafinai da dama yanzu, na ga duka sun yi ittifaƙi a kan abu ɗaya, alhali ban zaci marubutansu sun taɓa zama ɗaki ɗaya ba: ba ta faɗa masa. Ta san ranar, ta san dalilin, amma ba ta ce je ka asibiti, ba ta ce kada ka hau motar nan. Tana karɓar tsumma ta tsaya gefensa tana goge kwano. Ya ce, "Me ya same ki kike kallona haka?" Ta ce ba komai.

Ina mamakin yadda abu mai arha haka, da dusar ƙanƙara ta ƙarya da kiɗan ƙararrawa, ya gano abin da ban gano ba a ɗakin karatu. Da ni aka ba wa agogon, na ɗauka ranar da muka rasa ta zan nufa kai tsaye, da kalmomi a shirye. Yanzu ban tabbata ba. Ina jin wata Laraba zan zaɓa wadda ba abin da ya faru a cikinta, Auta tana zagaye falo da takalmi ɗaya tana zargin kowa da ɓoye mata ɗayan.

Ban ga fim ko ɗaya da uba ne ke komawa ba. Ina zaton sun san wannan ba zai ba da dariya ba.

A nan nake tsayarwa. Ba na iya wuce kicin. Washegari sai in tarar an wuce mini shi.

Lahadi, da hantsi

Ruwa ya kore ni daga tattaki tun ban kai kwanar kantin magani ba. Na shigo a hankali saboda takalmina a jiƙe yake.

Daga ɗakin Auta kiɗan ƙararrawa ke fitowa. Ƙofar ba ta rufu duka ba. Maman Auta tana zaune a bakin gado, tabarau a kan hanci, ƙaramar kwamfutar a cinyarta, jakar asibiti a buɗe a ƙasa. Tana danna allon da yatsa ɗaya, da ƙarfi, kamar mai kashe kiyashi. Sai na ji ta ce, da muryar da take yi wa Auta magana tana ƙarama, "Nan kika sake tsayawa? Kullum kicin. To zo mu wuce tare, ba komai."

Na tsaya a barandar ciki ruwa yana ɗiga daga wandona. Ban san tsawon lokacin ba.

Ita ce ke matsa mini layin, ni ke matsa mata. Kowannenmu yana jiran ɗayan ya fita ko ya rufe ƙofa. Ni na cire ta daga lissafi saboda ta ce shirme ne. Ita ta cire ni saboda tana zaton nawa shafin nake kallo ina nishaɗi, ba ta san talabijin da kwamfutar layi ɗaya suke ja ba.

Na koma waje na sake shigowa da ƙarar makulli.

Litinin

Na mayar da matashin inda yake.

Laraba, da rana

Ban faɗa mata ba. Abin da na yi ya fi haka: jiya da yau na matsa layin da gangan, na tsayar a kicin, na fita tattaki na daɗe don ta sami lokaci. Na zama Kawu. Na san yadda agogon ke aiki, ina kashe ido ina ɓacewa.

Ta fito ta ci abinci a tebur. Ta ce gishiri ya yi yawa, alhali ita ta dafa. Ta buɗe labulen falo.

Alhamis, da safe

Tana zuba mini shayi ta ce, idonta a kan buta, "Ina jin zan ce wa Yaya ya bari tukuna."

Na ce, "Me ya canja?"

"Akwai abin da ba zan iya bari a gidan nan ba." Ta ajiye butar. "Ba za ka gane ba, Malam. Kai sai abin da aka auna."

Abin da nake roƙo ke nan tun farkon wata, an miƙo mini shi a faranti. Sharaɗinsa kawai in ci gaba da yin shiru, in ci gaba da danna rimot kowace rana, in bar ta tana hira da yatsana tana zaton 'yarta ce. Na lissafa: zan iya yi na wata, watakila na shekara. Wata rana zan yi rashin lafiya ko in manta, layin ya tsaya, ta sake rasa ta karo na biyu, ba tare da jana'iza ba, ba mai zuwa gaisuwa.

A kashi na ƙarshe na kowane fim akwai ɓoyon da ke fashewa, budurwar ta gudu tana kuka, saurayin ya bi ta tashar jirgi da gudu. Ni gwiwata ba ta gudu.

Juma'a, da yamma

Na faɗa mata.

Na ƙwanƙwasa, abin da ban yi ba tun da ta koma ɗakin. Na zauna a kujerar karatun Auta, wadda ta yi mini ƙanƙanta. Na yi bayani a tsare: shafi ɗaya ne, na'ura biyu, duk wanda ya kalla layin zai matsa wa ɗayan. Na ce ni ne. Na ce na gano tun Lahadi, kuma na ci gaba da gangan.

Ta cire tabarau ta naɗe shi.

"Da ka yi shiru, Malam."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Da ka bar ni da abina. Wa na cuta?"

Ta juya mini baya, kafaɗunta suna motsi. Na miƙe zan fita, ta ce, ba ta juyo ba, "Tsaya. Kafin Lahadin. Wa ke tsayarwa a kicin?"

"Ni ne."

"Kullum?"

"Kullum."

"Don me?"

Na buɗe baki in ba da dalili. Abin da ya fito ba magana ba ne, kuma ba zan siffanta shi a nan ba. Na tuna dai na riƙe ƙofar kabad, na tuna kuma ta ce, "Zauna kafin ka faɗi, tsoho." Daga baya ta ce, "Ni ina cewa Auta ce ba ta iya wucewa. Ina ta rarrashinta."

Na ce ni ma na ɗauka Auta ce ke wuce mini. Na faɗa mata batun matashi. Ta kalle ni kamar yau ta fara ganina, ta ce, "Kai? Da digirorinka?" Ta yi wata 'yar dariya ta hanci wadda ta koma kuka a tsakiya.

Asabar

Ba ta fito ba yau. Na ajiye abinci a ƙofa. Ta kira Yaya. Na ji ta ce ya zo ranar da aka tsara.

Litinin, da hantsi

Tana haɗa kaya. Akwati babba ta ɗauko, ba ƙarami ba. Na riƙe mata murfin tana zugewa. Ban roƙe ta ba. Ba na jin ina da wannan haƙƙi bayan na karɓe mata abin da na karɓe.

Talata, da yamma

Akwatin yana bakin ƙofa tun safe. Yaya ya bugo ya ce zai makara, motarsa tana wurin bakanike.

Ina zaune a falo ta shigo da mayafinta a kafaɗa, ta zauna a ɗaya ƙarshen kujerar, ta ce, "Sa mana wanda ba wanda ya taɓa a cikinmu." Akwai guda a ƙarshen jerin, babu layi a ƙarƙashinsa ko kaɗan, ita ma Auta ba ta kai gare shi ba. Na sa.

Wannan wata mai zanen gidaje ce da ta maƙale a lif, na'urar hawa bene. Maman Auta ba ta iya kallo shiru ba, abin da ban sani ba duk zamanmu. "Ji takalmi, a cikin wannan sanyi." "Wannan mai gemun ne za ta aura, dubi yadda yake riƙe guduma." "Uwarta ba ta koya mata gaisuwa ba?" Da dattijon ya fito, mai gadin bene, ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Ga ɗan'uwanka nan."

Budurwar ta sa hannu a kan ƙofar gidansu na da, sai aka yi hon a waje.

Maman Auta ta karɓi rimot daga hannuna, ta nemi maɓallin da kanta, ta tsayar. Yaya ya shigo yana kaɗa makulli. "Farfesa, an rame. Ƙanwata ba ta ba ka abinci ne, ko lissafi kake ci?" Na ce duka biyun. Ya ɗauki akwatin yana ƙorafin ko duwatsu ta zuba.

A bakin ƙofa ta tsaya kusa da takalman Auta tana gyara mayafi. Ta ciro ƙaramar kwamfutar daga jakar hannunta, ta dube ta, ta ajiye a kan tebur.

"Har yanzu ina jin haushinka," ta ce.

"Na sani."

"Wannan karon ka sani." Ta nuna talabijin da haɓa. "Kada ka wuce nan. Ko da minti ɗaya. Zan gane."

Na ce, "Har yaushe?"

"Fim ne, Malam, ba ya ruɓewa."

Laraba, da safe

Gidan shiru. Na kunna don in tabbata wutar da aka ɗauke jiya ba ta taɓa komai ba. Budurwar tana nan, hannunta a kan ƙofa, dusar ƙanƙara ta tsaya cak a iska kewaye da kanta, ƙwaya ƙwaya, ba wadda ta faɗi.

Na sa rimot a aljihun tebur na rufe. Na wanke kofi ɗaya.